Malam Ma Yana In'ina

A Kumo, can bayan tashar mota,
akwai wani tudu inda sabis yake sauka
kamar baƙon da ba ya son shiga gari.
Nan ne ajina, ni da awakin Inna Dudu,
waya a hannu, littafi bisa gwiwa,
dutse a kan shafi don kada iska ta riga ni karantawa.

Shekara goma sha biyu na yi a kan benci.
Na san ƙurar alli, na san ƙarar ƙarfen tashi,
na san amsa, wallahi na sha sanin amsa,
sai dai harafin farko yakan maƙale mini a wuya
kamar ƙayar kifin Dadin Kowa.
"Ba... ba... ba..."
Kafin in kai ga "bakwai" aji ya kwashe da dariya,
Lamela ya ɗaga hannu ya faɗa,
aka yi masa tafin da nawa ne.
Daga ranar na koma layin baya
na ɗaure bakina kamar buhun da ba na sayarwa ba.

Yanzu yatsa ne harshena,
shi kuwa yatsa ba ya in'ina.
Na rubuta tambaya, ta wuce sumul,
Malam Gidado ya karanta ta daga Gombe, ya ce,
"Wane ne Bappayo? Wannan yaro yana tunani."
Na waiga in ga wa ya ji.
Akuya ce kaɗai, tana tuƙa.

Hajjo ƙanwata ba ta yarda da ni ba.
Ita kullum sai ta hau mota,
ta ce gilashi ba ya ganin goshin da ya tattare,
malami a aji kuwa tun kafin ka ce ka ɓata
ya hango ɓatanka, ya dawo ya ɗauke ka.
Ba ƙarya ta yi ba.
A tudun nan babu mai zungura ta in na yi gyangyaɗi,
babu mai aron biro, babu gyaɗar da ake rabawa a ɓoye,
babu gardamar hanya da ke dafa karatu ya nuna.
Baba ma in ya wuce da kekensa yakan ce,
"Karatu ne wannan, ko latse-latse?"

Ran Talata hadari ya haɗo daga gabas.
Sandunan sabis suka zube ɗaya bayan ɗaya,
fuskar Malam ta daskare, baki a buɗe,
muryarsa tana ta "ka... ka... ka..."
Ban yi dariya ba.
Na san wurin nan da ya tsaya, na san nauyinsa,
shekaru na yi ina kwana a cikinsa.
Na ce a raina, Malam, bi a hankali,
ni babu inda za ni.
Kafin kalmar ta fito, data ta ƙare.
Kuɗin ɗaurin buhu na yini guda
ya tafi da rabin jimla.

An ce jarrabawa ido da ido za a yi,
a babban ɗaki, cikin Gombe, watan gobe.
Zan ga Malam da ƙafafunsa,
shi da na sani daga ƙirji zuwa hula.
Kullum da yamma ina gwadawa a gaban awaki:
"Ni ne Bappayo."
Sunan ma da "ba" ya fara, ka ji rabo.

In na tsaya gabansa harafin ya maƙale,
babu yatsan da zai cece ni.
Abu ɗaya nake fata:
ya jira ni
kamar yadda na jira shi a kan tudu,
har yayyafi ya fara jiƙa mini littafi.